Kwana huɗu a Kano da mataccen batir

Batirin da ya kai ni Kano na wani ƙaramin asibitin haihuwa ne da ke wani ƙauye arewa da garin Bauchi. Ni na haɗa musu sola da hannuna, ni kuma na ba kwamitin garin shawara su daure su sayi na litiyam maimakon tubula, wato batir mai ruwa da farantan dalma a ciki, bayan sun yi karo-karo sun tara kuɗin da ƙyar. A jikin kwalin an rubuta zai jure caji sau 6,000. Wata 14 kacal ya yi ya fara ɗaukewa da ƙarfe ɗayan dare. Ranar da ungozoma ta kira ni ta ce da fitilar waya suka karɓi haihuwa, ban iya sa komai a bakina ba har dare. Dilan da ya sayar mana ya ce laifin haɗina ne. Shekarata 11 ina wannan sana'a, na san yadda na ɗaura kowace waya, amma ba ni da hujjar da zan kare kaina, ba ni kuma da amsar da zan ba mutanen da suka amince da ni.

Wani tsohon malamina ne ya ce akwai wasu malaman manyan makarantu a Kano da suka haɗa kai suna bincike kan batura masu caji, kuma suna neman irin waɗanda suka mutu a hannun jama'a. Ya rubuta mini takarda, ya haɗa ni da injiniyan cikinsu ta waya. Injiniya ya ce kada in kuskura in buɗe shi, in kawo shi yadda yake.

Ranar wata Litinin cikin Afrilu, ana idar da sallar asuba na isa tasha. Kuɗin mota naira 11,000, amma da 'yan kamasho suka ɗaga batirin suka ji nauyinsa, kusan kilo 45, sai suka ce sai an biya masa rabin kujera. Direba kuwa cewa ya yi, “Malam, ba dai irin mai tashi da wutar nan ba ne?” Na nuna masa na kashe makunninsa, na naɗe kawunansa da salatif, na kuma tokare shi da kwali don kada ya riƙa gwaruwa. Ya yi bismillah ya rufe but.

Daga Bauchi zuwa Kafin Madaki gyangyaɗi na yi. Duwatsun Ningi ne suka farkar da ni, ga yara a bakin hanya da farantan mangwaro. Mun ɗan wuce garin kaɗan aka tsayar da mu a wani shinge. Jami'in da ya buɗe but ya ga baƙin akwatin ƙarfe da wayoyi a naɗe, nan take fuskarsa ta canza, ya ce kowa ya sauka. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, a irin zamanin da muke ciki. Na ce, “Yallaɓai, batirin sola ne, na asibiti.” Na miƙa masa takardar malamina da rasit. Ya karanta a tsanake, ya kira babbansu, shi ma ya karanta. Sai babban ya ja ni gefe. Na ɗauka wata magana ce, ashe nasa batirin ne na gida ya kumbura bayan wata tara, yana so ya san dalili. Na tambaye shi inda ya ajiye shi. Ya ce a kicin, bayan ƙofa. Na ce ya fitar da shi daga nan tun yau. Ya karɓi lambata ya sallame mu.

Wannan tsayawa ita ta buɗe bakin fasinjoji. Wata hajiya mai sana'ar ƙanƙara da zoɓo ta ba mu labarin asarar da ta yi a Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro, jihohin Arewa suka yi kwanaki a cikin duhu. Wani ɗalibi ya ce tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareton gidansu ya zama wurin kwanan kaji. Kowa a motar nan yana da labarin batir, kuma duk labarin ƙarshensa ɗaya ne: an saya da tsada, ya mutu da wuri, ba a san dalili ba. Muna wannan hira muka wuce Birnin Kudu, muka hau tagwayen hanyar da ta taho daga Maiduguri a Kwanar Huguma, muka haye gadar Wudil. Kafin azahar na sauka a gadar Hotoro.

Zafin Bauchi na san shi, amma na Kano a Afrilu wani abu ne daban. Mu muna da duwatsu da ɗan iska da yamma. A nan kwalta da siminti da hayaƙin adaidaita sahu sun haɗu sun riƙe zafin, ko ina ka juya kamar an buɗe maka tanda. Na ɗauki shatar adaidaita a kan naira 3,500 zuwa wajen Kabuga. Tun daga Hotoro idona yana kan rufin gidaje, don mai sana'a ba ya rabuwa da sana'arsa. Farantan sola a kan masallatai, a kan kemis, a kan rumfar mai cajin waya, har wani mai shayi na gani da faranti ɗaya ya jingine shi da benci. A zuciyata na ce kowane farantin nan akwai batir a ƙarƙashinsa, kuma kowane batir yana cikin wannan zafin da nake ji.

Masaukin da na samu naira 14,000 ne kwana ɗaya. Ɗakin tsaf, akwai ruwa. Suna tayar da janareto daga magariba zuwa sha biyun dare, daga nan inbata ta karɓa. Ƙarfe uku na dare fanka ta tsaya cak. Na kwashe katifa na koma kan tayil, na jiƙa tawul na rufa, ban sake runtsawa ba sai bayan asuba. Da gari ya waye na roƙi mai kula da wurin ya nuna mini baturansu. Tubula huɗu ne a ƙarƙashin matakala, kafaɗa da kafaɗa da janareto, ba ko tagar iska. Na buɗe murfin ɗaya na haska, ruwan ya janye har farantan dalmar ciki sun fito fili. Na ce masa ya nemo tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, kada ya zuba na famfo ko na leda.

Abincin safe kuwa, na nemi masa aka ce mini waina. Ta yi daɗi, sai dai duk wanda ya tashi da masar Bauchi mai laushi da miyar taushe ba zai ce sun yi kunnen doki ba. Inda Kano ta yi mini zarra shi ne gurasa. Bandashen da na ci daren farko, an jiƙa ta da ruwa daidai, an barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, ga man gyaɗa da albasa da tumatir, naira 1,000, ita na koma ci har na bar garin.

Ranar Talata Injiniya ya zo da motarsa ya ɗauke ni da kayana. Na yi zaton zan ga katafaren gini. Ɗaki biyu ne da baranda. Abin da na fara gani a bakin ƙofa bokitin yashi ne guda biyu da tukunyar kashe gobara. A ciki akwai sanyi, don na'urar sanyaya ɗaki ba ta tsayawa, daga solarsu take sha. Wata mata mai farar riga a kan hijabi ta taso ta ce, “Sannu da zuwa, Malam, ka sha hanya.” Ita ce Dakta, masaniyar kimiyyar sinadarai, kuma ita ke jagorantar aikin.

Na ɗauka nan take za a sa sukundireba. Ina! Sai da aka yi sa'a guda ana yi mini tambayoyi, kuma mai tambayar ba injiniya ba ce, wata malama ce da ta karanci tattalin arziki, da littafinta a cinya. Wane irin ɗaki ne? Rufin kwano ne ko akwai silin? Ina taga take kallo? Wa ke riƙe da makulli? Firijin allurar riga-kafi kaɗai ke kai, ko mutanen gari suna kawo wayoyinsu caji? Nawa aka saya, a hannun wa, an ba da takardar garanti? Da farko na ɗan ji nauyi, kamar ana tuhumata. Da muka yi nisa sai na lura ina faɗin abubuwan da ni kaina ban taɓa tsayawa na auna ba. Ɗakin da na sa batirin sito ne, rufin kwano, ba silin, ba taga. Na zaɓe shi ne don yana da ƙofar ƙarfe, saboda ɓarayi. Malamar ta ce kusan duk wanda suka tambaya amsarsa ke nan: tsoron ɓarawo ne ke zaɓar wa batir ɗaki.

Wanda ya buɗe akwatin wani matashi ne da ya yi shekaru yana gyaran waya a kasuwar Farm Centre kafin su ɗauko shi. Ba shi da digiri, amma na ga yadda Dakta da Injiniya suka ja baya suka ba shi wuri. Ya cire agogo da zobe, ya sa safar hannu da tabarau, ya kwance murfin a hankali. Ƙwayoyi 16 ne a jere, wato ƙananan baturan da ke cikinsa, masu shuɗiyar riga, kowace mai bolt 3.2, su ne idan aka jera su suke ba da bolt 51.2 ɗin da muke kira 48 a kasuwa. Bai ce komai ba, ya ɗora yatsa a saman ƙwaya ta farko. Wurin da kamfani ke buga lambar shaida an kankare shi, ya yi fari fat kamar an goge da sandfefa. Ta biyu haka, ta uku haka, har ta goma sha shida. Biyu daga ciki sun yi ciki, sun tura maƙwabtansu. Sannan ya ɗago wata siririyar waya mai ɗan baƙin kai tana lilo a iska. Ita ce mai auna zafi, wadda ya kamata a manna a jikin ƙwayoyin don allon da ke kula da batir, wanda muke kira BMS, ya yanke caji idan zafi ya yi yawa. Ba a taɓa manna ta ba.

Na tsaya ina kallo, zuciyata tana tafasa. Kuɗin gero da na awaki ne mutanen ƙauyen nan suka haɗa.

Injiniya ya dafa ni ya ce kada in yanke hukunci tukuna, sai an auna. Kankare lamba alama ce ta ƙwayoyin da ko dai sun taɓa aiki a wani wuri, ko kuma ba su ci jarrabawar masana'anta ba aka sayar da su da araha, amma na'ura ce za ta faɗi abin da ya rage a cikinsu. Suka raba su ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta wa kowace lamba, suka jona su da na'urar gwaji. Aikinta shi ne ta cika ƙwaya taf, ta zuƙe ta a hankali da ma'auni ɗaya, tana rubuta komai a kwamfuta. Ya ce sai Alhamis.

Da rana muka zauna a inuwar darbejiya ana cin shinkafa da wake. A nan na haɗu da dattijon cikinsu, Farfesa, malamin fiziya. Da na ji har da likita a cikin tawagar, sai na ce, “Allah ya gafarta Malam, me ya haɗa likita da mai lissafin kasuwa da aikin batir?” Ya yi murmushi ya ce ai shi batirin ma tun asalinsa ba mutum ɗaya ya yi shi ba. Stanley Whittingham ya fara harhaɗa na litiyam a shekarun 1970 yana aiki da kamfanin mai na Exxon a Amurka, amma nasa yana da haɗarin kama wuta. John Goodenough, wanda ya yi digirin digirgir a fiziya, shi ya gano sinadarin litiyam da kobalt a Jami'ar Oksfod a 1980, wanda ya ɗaga ƙarfin ƙwaya zuwa bolt 4. Akira Yoshino a Japan ya kawo gawayin da ya sa abin ya zama mai aminci a 1985, sai a 1991 kamfanin Sony ya fitar da shi kasuwa. Su ukun aka ba kyautar Nobel a 2019, Goodenough yana da shekara 97. Irin ƙwayoyin da na kawo ma, masu ƙarfe da fosfet, daga ɗakin bincikensa na Teksas suka fito a shekarun 1990. Farfesa ya ce duk waɗannan mutane sun yi nasu, amma babu wanda ya taɓa kwana a sito mai rufin kwano a watan Afrilu. Lambar da ake bugawa a kwali a digiri 25 ake auna ta. Mu kuwa inuwarmu ma tana haura 40.

Dakta ce ta fayyace mini abin da zafi ke yi. A cikin ƙwayar litiyam akwai wani siririn ɓawo da ke taruwa a jikin ɓangaren gawayi, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Kaɗan daga cikinsa yana da amfani, yana kare ƙwayar. Amma zafi yana sa ya yi ta kauri, kuma duk kaurin da ya ƙara litiyam yake ci, wanda ba zai sake dawowa aiki ba. Abin ya fi muni idan batir yana cike taf kuma yana cikin zafi, wato daidai halin da baturanmu ke ciki daga azahar zuwa la'asar. Na dalma kuwa, in ji ta, abin da masu ƙera shi suka sani ne cewa ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu.

Laraba ita ce ranar da ta fi tsaya mini a rai. Likitan tawagar, masanin lafiyar al'umma, ya ce in raka shi in ga inda baturan da muke cirewa suke ƙarewa. Mun fara biyawa ta kasuwar Ƙofar Ruwa, inda na ga tsofaffin baturan mota da na inbata an tara su kamar bulo, ana saye da kilo. Daga nan muka fita bayan gari zuwa wani fili da ya roƙe ni kada in faɗi unguwar, don mutanen sun amince da shi ne suka bar shi yana shiga.

Samari ne kusan goma, da gatari da adda. A sara kan batir, a tuntsurar da ruwan a ƙasa, a zazzage farantan dalma a gefe, robar a gefe. Ƙasar wurin ta yi fari-fari, ko ciyawa babu. Wani yaro da bai wuce shekara 12 ba yana tsince gutsattsarin dalma da hannu yana zubawa a buhu, ga mai tallan awara ta ajiye farantinta a buɗe a kan wani mataccen batir. Likita ya gaisa da mai wurin, “Baba, ina wuni, ya kasuwa?” Ya zauna a benci kamar ɗan gida. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya kawo sabulu da safar hannu da takunkumi, ya tuna musu abin da suka yi alkawari wancan zuwan: wanke hannu kafin cin abinci, barin kayan aiki a wurin aiki, da hana ƙananan yara shiga. Baban ya ce, “Likita, mun ji, amma yaron nan maraya ne, in na kore shi wa zai ba shi?” Likita ya ce to a mayar da shi wajen tara roba, can nesa da ƙurar. Aka yi haka muna tsaye.

A mota ya ce mini dalma ba ta da wani ɗan ƙaramin adadi da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin yaro yana shan ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke sha. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ba ta kuma yin ƙara, sai yaro ya girma a ga ba ya gane karatu. Ya tuna mini gubar dalmar Zamfara ta 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake waccan daga dutsen zinariya ta fito. Wadda ta fito daga batir kai tsaye ita ce ta wata unguwa a gefen Dakar ta ƙasar Sanagal, inda yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008. Na yi shiru ina lissafin baturan da na sayar wa 'yan gwangwan a shekara 11. Ban taɓa tambayar inda suke kai su ba. Kuma duk batirin da ya mutu a shekara ɗaya maimakon huɗu, gatarin nan sau huɗu zai sauka maimakon sau ɗaya. A nan na gane abin da ya kawo likita cikin masu binciken batir.

Da yamma Injiniya ya zaga da ni ta titin Gwarzo, ya nuna mini sabon mazaunin Jami'ar Bayero, inda aka ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a 2019. Ya ce akwai wata mai megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a 2023. Rana ba ta taɓa yi mana rowa ba, in ji shi, wurin ajiye ta zuwa dare ne matsalarmu.

Alhamis da hantsi sakamako ya fito. Wani matashi mai ilimin kwamfuta, wanda ke tattara duk alƙaluman gwajinsu, ya juyo mini da allo. An rubuta amfiya 100 a kwali, wato yawan wutar da ya kamata ya ɗauka. Ƙwayar da ta fi kowace lafiya ta ba da 74. Biyun da suka kumbura, ɗaya 41, ɗaya 38. Injiniya ya ce ƙwayoyin da aka jera kamar shanun huɗa suke, idan ɗaya ya kwanta garma ta tsaya, komai ƙarfin ɗan'uwansa. Da zarar mai 38 ta ƙare, allon zai kashe batirin gaba ɗaya, shi ya sa wuta ke ɗaukewa ƙarfe ɗaya. Yadda ƙwayoyin suka bambanta da juna ya nuna tun farko ba sa'o'in juna ba ne. Amma biyun da suka lalace su ne na tsakiya, inda zafi ya fi taruwa. Dakta ta dube ni ta ce, “Malam, an cuce ku a kaya, wannan babu shakka. Ɗakin kuma ya ƙarasa abin da ya rage.” Na karɓi duka biyun, don gaskiya ce.

Kafin in tafi ta ce in zo in ga nata aikin. A ɗaki na biyu akwai buhun ɓawon gyaɗa a jingine, da wani ƙaramin tanda na lantarki, da wani akwatin gilashi mai dogayen safar hannu na roba a jikinsa, cike da iskar agon, don sinadaran ba sa shiri da iska ko laima. Suna wanke ɓawon, su gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000 ba tare da iska ta shiga ba, sai ya zama wani gawayi mai tauri. Da shi suke gwada ƙwayoyin sodiyam, sinadarin da ke cikin gishirin miya. Ta ce baƙin dutsen cikin fensir da ake sa wa batirin litiyam ba ya karɓar sodiyam sosai, irin wannan gawayin ne ke karɓa. Batirin sodiyam ya fi nauyi a kan wutar da yake ɗauka, amma wanda zai zauna a ɗakin asibiti ina ruwansa da nauyi? Ba ya buƙatar litiyam, ba ya buƙatar kobalt ɗin da mafi yawansa daga Kongo ake haƙo shi. Ta ɗora mini ɗaya a tafin hannu, ɗan mitsitsi kamar batirin makullin mota. Garin da aka san shi da dalar gyaɗa, yau ga ɓawonta a cikin batir. Sai da tsigar jikina ta tashi.

A nan gardama ta kaure, kuma na ji daɗin ganin ta. Injiniya ya ce daga wannan ɗan ƙwaya zuwa batirin da zai riƙe firiji tafiya ce ta shekaru da kuɗin da ba su da shi, don haka a fara da ceto abin da ke kasuwa: a auna ƙwayoyi, a ware masu rai, a ƙera allon da ya san zafin Kano. Dakta ta ce in kowa ya tsaya gyaran na wasu, har abada saye za mu yi ta yi. Ga dutsen litiyam ana haƙa a Nasarawa, har an buɗe masana'antar tace shi a 2024, amma fita ake yi da shi, ya dawo mana a ƙwayar da aka ƙera a Sin. Malamar tattalin arziki ta ce duk su biyun su tuna mai saye kuɗin yau yake dubawa, kuma muddin babu wurin da zai kai batir a auna masa kafin ya biya, mai kankare lamba ne zai ci kasuwa. Suka juyo gare ni, Farfesa ya ce, “To Malam, kai da ke hawa rufi, me ka gani?” Na ce ni abin da na fi buƙata shi ne akwatin ƙarfe mai makulli da iska ke ratsawa, wanda maƙerin garinmu zai iya yi, don mutane su daina kulle batir a sito. Aka yi shiru, sai matashin Farm Centre ya jawo takarda ya fara zane. Har la'asar muna kai, ni da shi da Injiniya.

Ƙwayoyi takwas mafi lafiya suka zaɓa masu kusan ƙarfi ɗaya, suka haɗa mini ƙaramin batir mai bolt 25.6 da sabon allo, aka manna wayar auna zafi a tsakiya ina kallo. Ba zai ɗauki duk asibitin ba, amma zai riƙe fitilun ɗakin haihuwa har asuba. Kuɗin allon kawai na biya, naira 38,000. Sauran takwas ɗin suka riƙe don bincike. Suka kuma ba ni wasu 'yan na'urori biyar masu kamar akwatin ashana, masu rubuta zafin ɗaki kowace sa'a, in sa a ɗakunan baturan kwastomomina.

Juma'a da sassafe na kama hanya, da gurasa leda biyu ta tsaraba. Cunkoson kasuwar Wudil ya riƙe mu kusan sa'a guda a tsakanin motocin shanu, sauran hanyar lafiya lau. A shingen Ningi ban tarar da jami'in nan ba, amma da dare ya kira ni ya ce ya fitar da batirin daga kicin.

Asabar na wuce ƙauyen da ƙaramar inbata mai bolt 24 da na ara musu daga shagona. Na tara kwamiti a ƙofar asibiti na faɗa musu duk abin da aka gani, har da nawa kuskuren na zaɓen ɗaki. Mai gari ya sa aka kira magini, muka fasa bangon siton ta gabas da yamma aka sa raga da sandunan ƙarfe, matasa suka yo zana aka shimfiɗa a ƙarƙashin kwanon. Kafin a fara fasawa na rataye na'urar auna zafi ɗaya a inda tsohon batirin yake zaune, na rufe ƙofa na ba ta sa'a guda. Ƙarfe uku na rana ta nuna digiri 47. Na ɗauki hotonta na tura wa Dakta, ta amsa da cewa in sake aunawa a daidai wannan lokaci ranar Asabar mai zuwa.